Yawon ganin kumfar teku a Iskiya: ya biya kuɗinsa, amma sun yi rowar lokaci a kan yashi

Masu tambayata a kan yawon kwale-kwalen nan na tsibirin Iskiya, wanda ake kai mutum ya leƙa inda iska take ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku, ga amsa a taƙaice: ku je, ya biya kuɗinsa. Tauraro huɗu na ba su cikin biyar. Ɗayan da na riƙe kuwa ina da dalili, kuma ba ƙaramin dalili ba ne a wurina, domin abin da ya fi komai daraja a yawon gaba ɗaya, wato duba yashin ƙasan teku da 'yan halittun da ke cikinsa, shi suka tura can ƙarshe suka yi shi a gurguje mutane na ta duba agogo. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a maganata, kuma dai ba su kaɗai ke wannan sana'a a wurin ba, abin da zan faɗa zai yi muku amfani ko wa kuka bi.

Iskiya tsibiri ne a gaban Napoli, nan Italiya. Asalinsa dutse ne mai aman wuta, rabonsa da aman tun 1302 amma har yau ƙarƙashinsa bai huce ba, shi ya sa duk inda ka juya wuraren wankan ruwan zafi ne. Daga Napoli in kana sauri ka hau jirgin ruwa mai gudu a Molo Beverello, wajen awa ɗaya ka isa, in kuma aljihu kake lallaɓawa ka je Calata Porta di Massa ka hau babban jirgi, ya fi arha sai dai zai ci maka kamar awa ɗaya da rabi. Kana sauka sai ka nemi bas ɗin Ischia Ponte, ko ka taka da ƙafa in ba ka da kaya. A can ne za ka ga Castello Aragonese, katafaren gidan sarauta na yaƙi da aka ɗora a kan wani dutse a tsakiyar ruwa, gada mai tsawon mita 220 ta haɗa shi da gari, Sarki Alfonso na Aragon ne ya yi wannan haɗin a 1441. Kowa hoton gidan yake ɗauka. To abin da ya kai mu yana gindinsa ne, cikin ruwa, ta kudu da ta arewa, kuma ba zurfi sam, daga rabin mita zuwa mita uku.

Ta WhatsApp na kama mana wuri, ni da wani yayana ɗan zangon Kumasi da ke aiki a Castel Volturno, wani gari kusa da Napoli. Amsar saƙo kam suna da nawa, sai ka tura da safe ka ji su da dare, amma da suka amsa komai a fili suka faɗa, lokaci da wurin haɗuwa da kuɗi, kuma ba su ƙara ko sisi ba daga baya. Kuɗin bai kai abin da mutum zai kashe a cin abincin dare a gidajen abincin bakin ruwan nan na masu yawon buɗe ido ba. Cikinsa akwai gilashin ido na shiga ruwa, da bututun numfashi, da faffaɗan takalmin iyo, da rigar ceto ga mai so. Kwale-kwalen ƙarami ne mai inji, tsaf da shi, matuƙin dattijo ne ɗan garin wanda bai cika magana ba, sai jagorarmu, wata matashiya da ta karanci ilimin halittun teku, ita ce ma ainihin abin da kake biya wa kuɗi in ka lura.

A nan zan fara yaba musu. Yayan nawa bai iya iyo ba ko kaɗan, kamar dai yawancinmu da muka taso nesa da babban ruwa, tun a kan gada yake ce min "Malam, ni fa rakiya na yi maka, a cikin jirgi zan zauna". Na ce Yaya ka dai bari mu gani. Matar nan ba ta matsa masa ba, ba ta kuma yi masa dariya ba, ta ɗaura masa rigar ceto da kanta ta duba igiyoyin, ta ba shi wata tayar roba mai igiya ya riƙe, ta koya masa numfashi da bututun tun yana riƙe da tsanin jirgi, ta tsaya da shi har ya saki jiki. Ƙarshe shi ne na ƙarshen fitowa daga ruwa. Duk wanda tsoron ruwa ke hana shi, wannan kaɗai ya isa in ce masa ya gwada.

Kana sa fuska cikin ruwa abin da za ka fara gani layuka ne na kumfa suna tasowa daga tsakanin duwatsu da cikin yashi, ɗaruruwa, sirara, suna ƙyalli in rana ta doke su, kamar ka buɗe kwalbar lemo mai gas sai dai wannan kwalbar ba ta ƙarewa. Har ƙararsu kana ji a kunne. Gaskiya da kyau, ba zan ɓoye ba. Kuma kwatancen lemon ba a banza na yi shi ba, iskar ɗaya ce, kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ke fita daga ramukan nan ita ce, babu warin ƙibiritu irin na sauran wuraren aman wuta, kuma ba ta da zafi, ruwan wurin ɗuminsa ɗaya da na kewaye. Wannan shi ya sa masana suke ji da wurin. Abu ɗaya ne tak ya bambanta shi da sauran gaɓar, wato yawan CO2 a ruwa, saboda haka duk bambancin da ka gani a halittu ka san daga inda ya fito. Cibiyar binciken teku ta Stazione Zoologica Anton Dohrn, wadda aka kafa a Napoli tun 1872, tana da reshe a tsibirin, kuma a 2008 wani masani daga jami'ar Plymouth ta Ingila, Jason Hall-Spencer, shi da abokan aikinsa har da na wannan cibiya suka fitar da binciken da ya sa duniya ta san wurin, a mujallar Nature.

Kafin mu shiga ruwa jagorar ta yi mana bayani a kan jirgi, kuma ta iya bayani wallahi. Ta fito da 'yar na'urar awon pH, wato ma'aunin asid ɗin ruwa wanda in lambarsa ta sauko asid ya ƙaru ke nan, ta ɗebi ruwa nesa da kumfar ta auna muka ga takwas da ɗan ɗoriya, da muka matso ta sake ɗiba lambar ta sauko kowa na kallo. Abin da ke faruwa shi ne in CO2 ta narke a ruwa sai ta zama wani asid mai rauni, shi kuma ya cinye sinadarin kabonet ɗin da ke ruwan, wanda da shi ne dodon koɗi da kawa da murjani da sauransu suke gina ɓawonsu na alli. In kabonet ya yi ƙaranci ginin ɓawo ya yi wuya, in ya ƙara ƙaranci wanda aka riga aka gina ma sai ya fara narkewa. To wannan abin da dutse ke yi a gindin gidan sarauta, shi muke yi wa tekunan duniya baki ɗaya da hayaƙin fetur da gawayi da gas da masana'antar siminti. Teku yana shanye kusan rubu'in CO2 da ɗan Adam ke fitarwa. Kafin zamanin masana'antu iskar sama tana da ita wajen 280 cikin miliyan, yau ta wuce 420. pH ɗin saman teku ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1, za ka ce ai ba komai, amma ma'aunin ba a jere yake tafiya ba, kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka wannan ɗan saukin yana nufin asid ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. In aka ci gaba da ƙone-ƙonen nan ba sassauci, hasashe ya nuna zai iya kaiwa wajen 7.8 zuwa shekara ta 2100. A Iskiya kuwa ba sai ka jira 2100 ba, 'yan mitoci za ka yi iyo ka shiga ruwa mai 7.8, in ka ƙara matsawa tsakiyar kumfar yana sauka har ƙasa da 7.

Tsarin da ta bi da mu ya burge ni, ba ta jefa mu tsakiyar kumfa kai tsaye ba. Daga can nesa muka fara, inda ruwa yake lafiya lau. Ta ce mu kalli duwatsu da kyau mu riƙe a kai. Duwatsun a shafe suke da wani ɓawo mai ruwan hoda, gansakuka ce mai gina jikinta da alli, ga bushiyar teku baƙaƙe a cikin ramuka, ga 'yan fararen bututu murɗaɗɗu na tsutsotsin da ke gina gida da alli, ga ƙananan dodon koɗi birjik. Ganyen ciyawar teku, wadda suke kira Posidonia, duk ya yi fari-fari da ɗigo-ɗigon halittun da suka manne masa. Sai muka fara matsawa a hankali. Ruwan hodan nan ya fara raguwa, ya ragu, ya ɓace. Bushiya na neme ta na rasa. Duwatsu suka koma kore da ruwan ƙasa, gansakuka mai laushi ta lulluɓe ko'ina tana kaɗawa. Ciyawar Posidonia kuwa ta yi kauri ta yi shar, ganyenta tas ba ɗigo ko ɗaya, ga garken kifin salpa masu ratsin zinariya suna ta kiwo a kai.

Nan ne fa abin yake da ruɗi, kuma nan ne na gane amfanin jagora. In kai kaɗai ka je za ka ce ai nan ya fi can kyau, ya fi kore, ya fi tsafta. Ciyawa tana son CO2, abincinta ce. Amma tsaftar ganyen nan alama ce ta cewa duk masu ɓawon allin da suka saba zama a kansa sun kasa rayuwa a wurin. Binciken 2008 ya samu cewa inda pH ya tsaya wajen 7.8, yawan nau'o'in halittu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Akwai wani abu da ta nuna min da yatsa a jikin dutse kusa da saman ruwa wanda har yanzu yana raina. Irin dodon koɗin nan ne mai ɓawo guda ɗaya da ke manne wa dutse ƙam. Na can nesa ɓawonsu da kauri da zane-zane. Wannan kuwa saman ɓawon ya cinye, zanen ya goge, ya yi sumul yana ƙyalli, ya yi siriri har kana hango duhun naman ta ciki. Kuma yana raye, yana nan manne yana fama, yana gina ɓawo ta ciki ruwa yana cinyewa ta waje. Ta ce manya suna iya jurewa haka na wani lokaci, 'ya'yan ne ba sa kai labari, shi ya sa a wuraren da asid ya fi yawa za ka ga manya jefi-jefi amma ba ka ganin ƙanana.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya da ni, yashin. Bayan mun fito mun koma bakin gaɓa, ta shimfiɗa tawul a kan wani benci ta fito da ƙaramin madubin ƙara girma mai haɗe da waya, da 'yan faranti biyu baƙaƙe. Wurin yana cikin yankin teku mai kariya da ake kira Regno di Nettuno, wanda aka kafa a 2007, ba a ɗibar komai, don haka samfurin koyarwa ne da take yawo da shi, ɗaya na yashin ruwa mai lafiya ɗaya na kusa da kumfa. Da ido duk yashi ne, ba ka ce ga bambanci ba. Ta ɗora madubi a kan na farko, sai ga allon waya ya cika da abubuwa. Wallahi ban taɓa zaton haka yashi yake ba. Rabin abin da nake kira ƙwayar yashi ashe gidaje ne, wasu murɗaɗɗu masu ɗakuna-ɗakuna, wasu farare sol masu santsi, wasu garai-garai da 'yan huji a jiki, ga gutsattsarin ƙayar bushiya, ga 'ya'yan kawa waɗanda ba su kai kan allura ba amma komai nasu ya cika. Masu ɗakunan nan su ake kira foraminifera. Halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya tak, yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba, amma suna gina gida da alli daki-daki. Kuma kada ku raina su, duwatsun da aka gina dalar Giza ta Masar da su cike suke da ɓawon manyan danginsu na zamanin da.

Sai ta matsar da madubin kan faranti na biyu. Baƙin tsakuwar aman wuta, da ɗan ɓarɓashin ciyawa, shi ke nan. Ta yi ta zagayawa da tsinke kafin ta samo guda ɗaya, shi ma ba mai alli ba ne, irin waɗanda ke tattara ƙwayoyin yashi su liƙa su yi gida da su ne. Jama'a duk aka yi tsit. Abin da muka gani ya yi daidai da wani bincike na 2010 da masanan Plymouth suka yi a daidai wannan wuri, inda suka samu nau'o'in foraminifera sun sauko daga 24 a ruwa mai lafiya zuwa 4 kacal a inda asid ya yi yawa, kuma waɗanda suka rage masu liƙa yashin ne. Can Papua New Guinea ma, inda akwai irin waɗannan ramuka kusa da murjani, abin da aka gani ke nan, ana matsowa kumfa suna ɓacewa.

Ta ba mu labarin wani gwaji da ya ba ni sha'awa saboda sauƙinsa. Soson wanke-wanke masana suka ɗaura a cikin ruwa a wurare daban-daban, suka bar shi wata guda, sannan suka ciro suka ƙirga 'yan halittun da suka tare a ciki. Na kusa da kumfa ba wai fanko aka same shi ba, a'a, akwai rai, har wasu ƙananan dangin jatan lande da wasu tsutsotsi sun fi yawa a can, tunda masu gasa da su sun tafi ga kuma gansakuka ta wadata. Masu ɓawon alli ne suka yi ƙaranci ƙwarai. Wato wurin ba ya mutuwa, talaucewa yake yi, 'yan nau'o'i kaɗan masu juriya kuma ƙanana su mamaye ko'ina, sauran su tafi.

Ni abin da ya fi tsaya min shi ne yashin kansa ashe ba abin da ke kwance kawai ba ne. A cikin laka da yashi, ƙwayoyin cuta suna ruɓar da matattun abubuwa suna fitar da tasu CO2, don haka ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi dama can ya fi na sama asid, 'yar kawar da ta sauka za ta fara rayuwa a nan ta riga ta sauka a wuri mai wuya, in aka ƙara mata daga sama sai abin ya fi ƙarfinta. Sannan allin da ke cikin yashi shi ne maganin asid ɗin teku, yana narkewa yana kashe shi, amma a hankali ƙwarai, aikin dubban shekaru, mu kuma cikin shekara ɗari biyu muka antaya abin da muka antaya. A can ƙasan teku mai zurfi, filaye ne maka-maka na farar laka wadda ɓawon irin waɗannan halittu ne da suka yi ta zubowa daga sama shekaru miliyoyi, kuma akwai wani zurfi, wajen kilomita huɗu zuwa biyar, wanda in an wuce shi alli ba ya zama sai ya narke. Wani bincike na 2018 ya nuna a yammacin arewacin Tekun Atlantika wannan iyaka ta riga ta hauro sama da kusan mita 300 saboda CO2 ɗinmu. A tekun kudu kusa da Antatika kuma an auna ɓawon wani nau'in foraminifera na yau an kwatanta da na kakanninsu da ke cikin laka tun kafin masana'antu, aka ga na yau ya fi sauƙin nauyi da kashi 30 zuwa 35 cikin 100. Kuma duniya ta taɓa ganin irin wannan, wajen shekaru miliyan 56 da suka wuce kabon mai yawa ya shiga iska da teku, in aka haƙo lakar wancan zamani daga ƙasan teku za ka ga farar laka ta yanke ta koma jar yumɓu, alli ya narke, kuma kaso mai yawa na foraminiferan ƙasan teku suka ƙare a lokacin.

Rabin wannan bayani a tsaye ta yi shi tana naɗe tawul. Wannan shi ne ƙorafina na farko kuma babba.

Yayana ne ya yi tambayar da ta dace. Ya ce min "Malam, tambaye ta, to mu ina ruwanmu da abin da ido ma ba ya gani?" Ba da raini ya faɗa ba, da gaske yake son ya ji. Na fassara mata, ta nuna gidajen abincin da ke bayanmu ta ce duk abin da ake soyawa a can daga wannan farantin ya fara. 'Yan halittun yashi su ne abincin tsutsa da jatan lande da 'ya'yan kifi, su kuma abincin manyan kifi. Kawa da dangoginta da mutanen Napoli ke ci da taliya kullum, dukkansu sai sun wuce ta matakin nan na ɗan mitsitsin ɓawo kafin su girma. Kuma an riga an ga asarar a kasuwa, a gaɓar yammacin Amurka, jihohin Oregon da Washington, wajen 2007 da 2008 'ya'yan kawa suka yi ta mutuwa a gidajen ƙyanƙyasa, da aka bi diddigi aka gano ruwan da suke jawowa daga teku ne ya yi asid, sai da suka koma auna ruwa kullum suna zuba masa sinadarin da zai daidaita shi kafin sana'ar ta farfaɗo. Yaya ya yi shiru, can ya ce shi yana tuna matan da ke tsintar kawa a bakin kogin Volta ne, da wannan suke ciyar da gida. Na so a ce an zauna an ja wannan zance, amma matuƙi ya riga ya tada inji zai ɗauki rukuni na gaba.

Na kuma yaba mata da ba ta yi ƙari ba. Da kanta ta ce kada mu ɗauka Iskiya hoton gobe ne cif-cif. Wurin ƙarami ne, kifi yana shiga yana fita, ƙwai da 'ya'yan halittu suna shigowa daga ruwa mai lafiya na kewaye, pH ɗin yana hawa yana sauka gwargwadon iska da igiyar ruwa, sannan ruwan bai ɗumama ba alhali tekun gobe zai haɗa asid da zafi ne a tare. In ka duba da kyau yawancin waɗannan dalilai suna nuna gobe za ta iya fin haka tsanani ne, tunda a lokacin babu wani ruwa mai lafiya a gefe da zai riƙa aiko da 'ya'ya.

To sauran ƙorafi. Tallarsu ba ta yi wa aikinsu adalci ba, hotunan mutane ne cikin kumfa suna murmushi, ba a ko ambaci yashi ba, shi ya sa rabin waɗanda muka shiga jirgi tare hoto ya kawo su, kuma kamfanin ya biye musu, lokacin wanka da hoto ya ninka na madubi sau da yawa. Da ni ne da su, da sai in fara da faranti biyun nan tun kafin a shiga ruwa, mutum ya shiga ya san me yake nema. Na biyu, wasu daga cikin baƙin suna tsayawa da takalmin iyo a kan ciyawar Posidonia suna tumurmusa ta suna tada laka, wani ma na gan shi yana ƙoƙarin ɓamɓare dodon koɗi daga dutse, jagora ɗaya ce ga mutane da yawa ba za ta iya ganin kowa ba, ya kamata a ƙara mata mataimaki ko a rage yawan mutane, kuma a ja kunne sosai tun a kan jirgi. Ciyawar nan a hankali take girma ƙwarai, abin da aka tumurmusa yau ba bana zai dawo ba. Abin ya ɓata min rai gaskiya. Na uku harshe, bayanin Italiyanci ya fi tsawo da daɗi, in ta juyo Turanci sai ta taƙaita, ni na tsira don ina jin Italiyanci, wanda ba ya ji ya nemi rukunin Turanci zalla tun wajen kama wuri. Gilashin da aka ba ni ma robarsa ta tsufa ruwa na shiga, ta canza min ba musu, amma ku gwada naku tun a kan jirgi. Rumfar jirgin ba ta rufe kowa, wanda ya zauna gaba rana za ta gasa shi.

Ga 'yan'uwa mata, babu ɗakin canza kaya a jirgi ko a inda ake hawa, ku sako kayan iyonku masu rufe jiki tun daga masauki ku ɗora doguwar riga a kai, ba wanda ya kalli kowa a rukuninmu, kuma tunda jagorar mace ce ita za ta taimaka muku da rigar ceto. Ku tafi da 'yar darduma da ruwan sha. Wajen abinci ku kula, shahararren girkin tsibirin zomo ne kuma da giya ake dafa shi, kifi da kawa ma wasu gidajen suna zuba musu farar giya, ku tambaya kafin ku yi oda, ko ku yi guzuri daga shagunan halal na kusa da tashar jirgin ƙasa ta Garibaldi a Napoli. Ku zaɓi fitar safe, ruwa ya fi kwanciya kuma ya fi haske. Watan Yuni ko Satumba ya fi, Agusta cunkoso ne ba na wasa ba musamman wajen 15 ga wata da duk Italiya ke hutu. In iska ta taso suna soke fita, don haka kada ku sa shi a ranarku ta ƙarshe.

Kuma tun wajen kama wuri ku rubuta musu cewa kuna son ganin yashi a madubi, ku nemi a ba shi lokaci na musamman, in sun ce babu a tsarinsu ku nemi wasu masu shi. Masu yara 'yan makaranta ku je da su, yaron da ya iya riƙe tayar roba zai iya wannan yawo, kuma ku sa shi gaba in an fito da farantan.